An Kawo Wuta, Yara Sun Watse: Tarihin Kallon Asabar da Lahadi Daga Jos Zuwa Akurba

Ƙarfe takwas na safiyar Asabar a Akurba, bakin hanyar da ta fita daga Lafiya ta nufi Shendam. Akwai wuta. Akwatin talabijin mai faɗin allo na manne a bangon falo, dish na zaune a kan kwanon ɗaki, wata kyanwa na ta bin ɓera a allon. Babu mai kallonsu.

Yaran gidan su uku suna kan dakali, sun haɗa kawuna a kan wayar mahaifiyarsu. Ƙaramin na kuka, wai an hana shi riƙewa. Daga madafa uwar ke kashedi cewa in suka ƙarar mata da data, za su gamu da ita.

Duk wanda ya haura shekara arba'in a Lafiya, in ya ga haka sai ya girgiza kai. A zamaninsa, wannan sa'ar ce ake ƙirga wa kwanaki tun daga Litinin. Don ita ake share tsakar gida da duku-duku, a cika randa, a yi wanka ba tare da an sa mutum ba. Addu'a kuwa ɗaya ce: Allah Ya sa kada a ɗauke wuta.

Yau tashar wutar ta zo har unguwar. A watan Fabrairun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe babbar tashar rarraba lantarki ta Akurba, wadda ta haɗa Lafiya da babban layin ƙasa bayan shekaru tana dogaro da ɗan ƙaramin layi daga Akwanga. Sai dai abin da yaran jiya ke roƙon wutar dominsa ya riga ya kwashe kayansa.

Daga Jos hoton ya fara gangarowa

A Ibadan talabijin ya fara a Najeriya, ƙarshen watan Oktoban 1959, ƙarƙashin gwamnatin Cif Obafemi Awolowo. Inugu ta biyo baya a 1960. Arewa ta samu nata a 1962, lokacin da gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Amma hoton Kaduna bai yi nisa ba, kuma akwatin kansa kayan manyan ma'aikata ne da attajirai.

Labarin Lafiya da Jos yake ɗaure. Daga 1967 garin yana cikin Jihar Binuwai-Filato, daga 1976 kuma cikin Filato, har ranar 1 ga Oktoban 1996 da Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro Jihar Nasarawa. Gwamna Joseph Gomwalk ne ya kafa wa Binuwai-Filato gidan talabijin a Jos a 1974, kuma wannan gidan ne ya fara watsa hoto mai kala a duk ƙasar, a 1975. Ba a jima ba gwamnatin soja ta tattara gidajen talabijin na jihohi ta zuba su a hukuma ɗaya, NTA, da dokar 1977.

To, amma tashar na can kan tsauni, Lafiya na nan gangare, tsakaninsu wajen kilomita ɗari biyu. Mai akwati a nan sai ya samo doguwar gora ya ɗaura eriya a kanta, ya nemo Jos ko Makurɗi, wadda ta fi kusa. Juya gorar aikin yara ne. Ɗaya na waje yana murzawa, ɗaya na bakin taga yana isar da saƙo: ya yi, bai yi ba, koma baya kaɗan, tsaya nan! Wani lokacin ga murya babu hoto, wani lokacin ga hoto kamar ana yayyafin gero.

Sai bayan Lafiya ta zama hedikwatar jiha ta samu nata gidajen, NTA Lafiya da gidan rediyo da talabijin na jiha, NBS. Lokacin kuwa zamanin da ake magana a kansa ya fara karkata.

Ƙarfe huɗu ake buɗe tasha

Yaron yau zai yi wuya ya yarda cewa talabijin na barci. A ranakun aiki, sai wajen ƙarfe huɗu na yamma tasha ke buɗewa. Kafin nan sai ratsin launuka a tsaye da wata ƙara mai shiga kunne, sannan taken ƙasa, sannan mai gabatarwa ya karanto jerin shirye-shiryen ranar. Sa'o'in farko na yara ne. Daga ƙarfe bakwai abin ya koma hannun manya, ƙarfe tara labaran ƙasa, wajen tsakar dare a rufe.

Ƙarshen mako ne ake sassautawa. Tasha kan buɗe da wuri, a jera wa yara shiri bayan shiri. Ba mu muka ƙirƙiro wannan tsari ba. A Amurka, tun shekarun 1960 manyan gidajen talabijin suka gano cewa safiyar Asabar manya na barci, yara na farke, masu sayar da kayan wasa da abincin karin kumallo kuma na neman idon da za su nuna wa hajarsu. Sai suka cika safiyar da katun. A Ingila ma haka aka yi a shekarun 1970, da dogayen shirye-shiryen safe irin su Tiswas.

Abin da ya iso mana mafi yawansa ragowar wancan kasuwa ne. Voltron, zakunan ƙarfe biyar da ke haɗuwa su zama ƙato guda, daga zanen Japan aka ɗauko shi aka gyara wa Amurkawa a 1984. SuperTed ɗan Birtaniya ne, haka Danger Mouse. Tom da Jerry kuwa sun girmi iyayen masu kallonsu, tun 1940 suke wannan tsere. Ga Sesame Street, wanda ya fara a 1969 don koya wa yaran talakawan biranen Amurka harafi da ƙirga.

A nan akwai abin dariya da ba mu lura da shi ba a lokacin. Kalmar farko ta sunan wannan shiri riɗi take nufi, riɗin nan da ake nomawa a Doma da Lafiya a loda wa manyan motoci. Yaron da ya wuni yana kakkaɓe riɗi a gona, da yamma yana kallon Layin Riɗi bai sani ba.

Tatsuniya ta shiga akwati

Ba duka ne na aro ba. A 1984 NTA ta fara Tales by Moonlight, wanda Victoria Ezeokoli ta assasa, ana nuna shi da yammacin Lahadi a duk tashoshin hukumar. Tsarinsa mai sauƙi ne: wata anti zaune a gindin bishiya, yara kewaye da ita a ƙasa, ta fara labari, sai a ga 'yan wasa sanye da kayan kunkuru ko na damisa suna aikata shi. A ƙarshe ta tambayi yaran abin da suka koya, kowa ya ɗaga hannu. Akwai kuma Storyland na Jimi Solanke, mai ba da labari da jita a hannu, da Speak Out, inda 'yan makaranta ke kara wa juna muhawara.

Ɗan Hausa da ya kalli shirin Lahadin nan ya gane gidan, ko da bai gane masu gidan ba. Kunkurun nan mai wayo da haɗama, ai Gizo ne ya sake riga. Bambancin shi ne kaka ba ta tambayar darasi. In ta kai ƙurunƙus, ta gama, wanda ya fahimta ya fahimta. Kuma ita ba ta yin tatsuniya da rana, don an ce mai yi zai ɓata. Talabijin ya zaɓi daf da magariba, ya tsaya a tsakani. Sau da yawa ana tsakiyar labari ladan zai kira salla, a kashe akwati, a kora kowa alwala. Akwai manya a Lafiya yau da ba su san yadda labarin kunkuru da tsuntsaye ya ƙare ba.

Da Hausa fa? Gidajen Arewa sun yi wasannin da suka shiga jini: Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi daga Kaduna, Karkuzu na Bodara daga Jos. A shekarun 1980 NTA Kaduna ta mayar da Magana Jari Ce na Abubakar Imam wasan talabijin, da Kasimu Yero a cikin 'yan wasan, wanda mutanen Filato suka sani a wasan Cock Crow at Dawn. Yara sun kalli waɗannan duka, sun haddace maganganun Samanja. Amma don manya aka yi yawancinsu, yara raɓawa suka yi. Shirin yara na tashoshin jihohi kuwa bai cika wuce a tara 'yan firamare a ɗakin ɗaukar hoto ba, a yi waƙa, a yi kacici-kacici, a gaida Mama da Baba.

Falon mai akwati

A unguwa guda, gidan da ke da talabijin bai fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Gidan malamin makaranta, gidan ma'aikacin asibiti, gidan wani Alhaji mai motocin haya, gidan ɗan sanda. Akwatin na cikin kabad mai ƙofa, an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado. Inda babu wuta, batirin mota ake jonawa, hoton na ƙanƙancewa a hankali yayin da batirin ke mutuwa.

Shiga falon na da dokoki, ko da ba a rubuta su ba. A wanke ƙafa. A bar silifa a waje. A gaida matar gida da ladabi, in ta aike ka ka tafi da gudu ka dawo da gudu. Kujera ta 'yan gida ce, baƙi ƙasa. Wanda ya yi faɗa da ɗan gidan ranar Alhamis, ranar Asabar taga ce rabonsa, in ma ba a sauke labule ba. Shi ya sa ɗan mai talabijin ba ya laifi a filin ƙwallo.

Lafiya gari ne na taron dangi. Barebari ne suka kafa masarautar, amma ga Eggon, ga Alago, ga Gwandara, ga Migili, ga Tibi, ga Fulani da Hausawa, ga Ibo masu shaguna. Yaran waɗannan gidaje duka kan haɗu a tabarma ɗaya, Musulmi da Kirista, kuma harshen da ya haɗa su Hausa ne. Akwatin na Turanci, Turancin ma na hanci wanda ko malamin aji sai ya kasa kunne.

Nan ne aka samu wani ma'aikaci da babu sunansa a tarihin NTA: yaron da ke fassara. Yawanci ɗan aji shida ne ko ɗan sakandare, yana zaune kusa da allo. Ana tambayarsa, Yaya me ya ce? Shi kuma ba ya taɓa cewa bai ji ba. Abin da ya kama ya faɗa, abin da ya kuɓuce masa ya ƙirƙira. Ya raɗa wa jarumai sunaye, ya sa wa mugu baƙar magana irin ta 'yan tasha, ya sa zakin ƙarfe ya yi rantsuwa. In ka bi unguwa uku za ka tarar da Voltron uku, kowanne da labarinsa.

A ganina wannan shi ne ainihin shirin yaran da aka yi da Hausa a wancan zamani, kuma yaran ne suka yi wa kansu. Shekaru bayan haka, da fassarar fina-finan Indiya irin ta Algaita ta mamaye kasuwa, mutane suka yi ta mamakin yadda ta karɓu. Ba abin mamaki ba ne. Masu sayenta sun taso da irinta a falon maƙwabta.

Asabar ɗin wa?

Akwai wani abu da masu tsara shiri a Legas ba su sa a lissafi ba. Makon talabijin daban, makon yaron Akurba daban.

Makarantar allo Alhamis da Juma'a take hutu. Asabar kuwa ranar komawa karatu ce. Islamiyya ma, da yake boko ya cinye safiyar Litinin zuwa Juma'a, sai ta kama safiyar Asabar da Lahadi ta riƙe. Wato daidai lokacin da aka ware wa yara a akwati, yaro Musulmi na rataye da jakar littattafai. Makara saboda katun ta jawo wa da yawa bulala, kuma malamai sun san dalilin ba sai an faɗa musu ba.

Yaro Kirista ya tsira da Asabar, amma safiyar Lahadi ta coci ce. Da damina kuwa babu Musulmi babu Kirista, gona ce ke kira: a yi noman doya, a cire ciyawar gyaɗa, a kai wa masu aiki abinci. 'Ya mace ta fi kowa asara. Ita ce da wanke-wanke, ita ce da goyon ƙani, ita ce da talla. Abin da ta gani na shirin, a tsaye ta gan shi, da tire a ka.

Rana ɗaya ce a wata ta zama ta kowa. Tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon aka saba da tsabtace muhalli a Asabar ɗin ƙarshen wata, a hana zirga-zirga da safe. Ba fita, ba kasuwa, ba mota. In an gama kwashe kwata da wuri kuma aka yi sa'ar wuta, falon kan cika har bakin ƙofa. Doka ce ta soja ta ba yara abin da jadawalin tasha ya kasa ba su.

Mai kuɗin talla ke da safiya

Tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Babangida ta shigo da shi a 1986 ya taɓa talabijin kamar yadda ya taɓa komai. Aka ce wa NTA ta riƙa nemo wani kaso na kuɗin gudanarwa da kanta. Lissafin a fili yake. Shirya wasan yara na rabin sa'a na buƙatar marubuci, 'yan wasa, tufafi, kyamara da motar ɗauko yaran. Tsohon katun kuwa kaset ne kawai, a saka a maimaita har ya fara tsalle.

Sai kamfanoni suka shigo. Waɗanda suka taso a shekarun 1990 na tuna Cadbury Breakfast Television, dogon shirin safiyar Asabar da kamfanin Bournvita ya ɗauki nauyi, katun da wasannin barkwanci na Amurka a jere, tallan abin sha a tsakani. Ga yaran birni wannan ne ƙololuwar zamanin. Ga yaron da karin kumallonsa koko ne da ƙosai, taga ce ta leƙa wata duniyar da ake shan shayi da madara kullum.

A 1992 aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo da talabijin, aka kafa hukumar NBC ta sa ido. Channels da AIT suka fito a tsakiyar shekarun. Tashoshi suka yawaita, amma yaro ba ya sayen siminti, ba ya zaɓe. Sannu a hankali safiyar ƙarshen mako ta koma hannun mai iya biyan kuɗin iska: masu wa'azi, masu maganin gargajiya, 'yan siyasa. Abin da ya rage da sunan shirin yara a tashoshi da dama shi ne bikin yaye ɗalibai na makarantun kuɗi, wanda makarantar ce ta biya a nuna.

Dish ya cinye jira

Abin da ya ƙarasa shi yalwa ce. Da farko bidiyo da kaset, sai faifan CD na Tom da Jerry a kasuwa, sai dish. DStv na masu hali ne, amma StarTimes da ta fara da haɗin gwiwar NTA a 2010, da GOtv a 2011, da dish ɗin nan na kyauta mai kamo tashoshin Larabawa, sun kai katun gidajen masu ƙaramin ƙarfi dare da rana. Wanda ke da rijiya a tsakar gida ba ya sammakon rafi.

Ba a nan kaɗai ba. A Amurka, inda aka haifi al'adar, dokar 1990 ta taƙaita talla a shirin yara ta kuma tilasta shirye-shiryen ilimi, tashoshin katun na kuɗi suka kwashe masu kallo. A watan Satumban 2014 jerin katun na safiyar Asabar na ƙarshe a manyan tashoshin ƙasar ya rufe.

Sai waya ta zo ta raba abin da ya rage. Yanzu a shagon caji ake tura wa yaro katun a katin waya da 'yan canji.

Hausa ta iso, ta tarar an tashi

Abin takaicin shi ne, shirin yaran da aka daɗe ana jira da harshen gida sai a makare ya fara samuwa. A 2011 aka fara Sesame Square a NTA, wato Sesame Street irin na Najeriya, da taurarinsa Kami da Zobi mai son doya kamar ɗan Lafiya, daga baya aka yi masa na Hausa, Dandalin Sesame. Adamu Waziri ya ƙirƙiro Bino and Fino a Abuja, katun ɗin yaya da ƙanwa 'yan Najeriya, an kuma juya shi zuwa Hausa. Arewa24 ta buɗe a 2014 tana watsa shiri da Hausa dare da rana. Katun ɗin koyon lissafi da karatu na Ubongo daga Tanzaniya su ma an sa musu muryar Hausa.

Lura da inda kuɗin ya fito. Sesame Square da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka aka yi shi, Arewa24 ma da kuɗin gwamnatin Amurka ta tashi. Kannywood, mai fitar da fina-finai ba adadi tun shekarun 1990, ba ta mayar da hankali kan yara ba, don mai sayen fim ba yaro ba ne. Gizo da Ƙoƙi har yanzu suna jiran wanda zai zuba musu jari na gaske. Eggon da Alago da Gwandara kuwa, ko layin ba su shiga ba.

Ra'ayin iyaye ya rabu. Wasu na cewa gara yanzu: yaro na gida a gaban idonka, ba ya raɓe a tagar wani ana korarsa, kuma Turancin 'yan shekara biyar na yau ya fi na 'yan sakandaren jiya. Wasu na cewa a da ka san abin da ɗanka ya kalla, domin duk garin abu ɗaya aka kalla, kuma akwai babba a ɗakin. Yanzu allon ya koma tafin hannu, ya juya maka baya. Malaman Islamiyya sun daina fama da makarar Asabar, sun koma fama da gyangyaɗin wanda ya raba dare a kan waya. Ma'aikatan lafiya na tuna wa iyaye shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019, cewa ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce sa'a guda a gaban allo a rana. Uwar da ke da girki da wanki da jariri ta ji, ta kuma miƙa wayar.

Ma'aikatan tashoshin jiha nasu kukan daban: babu mai ɗaukar nauyi, kayan aiki sun tsufa, kuma ko an yi shirin wa zai kamo su alhali rimot na da tasha ɗari?

Falon taro bai mutu gaba ɗaya ba, ya dai sake masu shi. Da yammacin Asabar gidajen kallon ƙwallo na Akurba kan cika, benci bayan benci, janareto na ruri a baya ko da akwai wuta, don gudun ko-ta-kwana. Samari ne da magidanta, da yawansu tsofaffin masu juya gora. Kuɗi ake biya a shiga. Yaran da ba su da ko sisi na waje, sun manna ido a ramin da ke jikin langa-langa, ɗaya na gani yana faɗa wa sauran wanda ya ci.